Ƙaramin Gidan Tarihi: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun wannan fitowa duk sun zo ne daga mutanen da suka ɗauki nauyin adana tarihin yankinsu da kansu, ba gwamnati ba jami'a. Mun taƙaita tambayoyin, ma'aikatan adana kayan tarihi da ke taimaka wa wannan fili kuma suka amsa.

Tambaya: Mu goma sha ɗaya ne muka kafa ƙungiya, wani bawan Allah ya ba mu ɗakuna biyu. Tun kafin mu buɗe, mutane sun fara kawo tsofaffin hotuna da wasiƙu da tufafi da kayan sana'a. Ɗan kuɗin da muka tara, akwatunan gilashi za mu fara saye ko kantocin ajiya? — Malamin makaranta mai ritaya

Amsa: Malam, ba ko ɗaya daga ciki. Littafi za ku fara saye, babba, mai ɗinki da bango mai ƙarfi, wanda ba a iya cire shafi daga cikinsa ba tare da an gane ba. Ku sa wa shafukansa lamba tun daga farko har ƙarshe. Wannan shi ne rajista, kuma a kansa gidan zai tsaya. Tsohuwar fartanya da aka san wanda ya ƙera ta, da wanda ya yi noma da ita, da shekarar da aka daina, kayan tarihi ce. Irinta da ba a san komai a kanta ba, ƙarfe ne mai tsatsa kawai. Bambancinsu layi biyar ne na rubutu, kuma ranar da aka kawo kayan ake samun layukan, domin dattijon da ya kawo ba lallai a same shi baɗi ba.

Kowane abu yana da lambarsa da ba za ta taɓa komawa kan wani ba. Tsarin da aka fi amfani da shi mai gaɓa uku ne: shekara, da jerin karɓa a shekarar, da lambar abin a cikin kayan da aka kawo tare. Misali 2025.7.3 na nufin abu na uku cikin kaya na bakwai da aka karɓa a 2025. A gaban lambar a rubuta ranar karɓa, da wanda ya kawo, da yadda abin ya zo hannunsa, da kyauta ce ko saye, da halin da yake ciki, da ɗaki da kantar da aka ajiye shi. A rubuta da tawadar da ba ta gogewa. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a sa hannu, kada a kankare.

Wajen siffanta abin, akwai ma'auni da ake kira Object ID, wanda cibiyar Getty ta Amurka ta fitar a 1997, yanzu kuma yana hannun ICOM, ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya da aka kafa a 1946. Tambayoyi tara ne: wane irin abu ne, da me aka yi shi kuma ta yaya, tsawo da faɗi da nauyi, rubutu ko tambarin da ke jikinsa, alamar da ta bambanta shi kamar tsaga ko gyara, sunan da aka san shi da shi, abin da yake nunawa, zamaninsa, da wanda ya yi shi. Sai hoto, da rula a gefensa don a ga girma. An tsara shi ne saboda sata, domin 'yan sanda ba sa iya neman abin da mai shi ya kasa siffantawa.

Lambar kuma dole ta kasance a jikin abin. A takarda da bayan hoto, fensir mai laushi, 2B, a gefe, ba tare da dannawa ba. A tufafi, a rubuta a ɗan ƙyallen auduga a ɗinka da zare sau biyu ko uku a wurin da ba ya fitowa. A ƙarfe da tukwane da gilashi, ana shafa siririn layi na Paraloid B-72, wani gam mara launi na masu adana kayan tarihi, da aka narkar a sinadarin asiton, kamar kashi 20 cikin ɗari, ya bushe, a rubuta lambar, a sake shafawa a kai. Amfaninsa, asiton na cire shi duk ranar da aka so. Takarda mai gam dai a bar ta: bayan 'yan shekaru takan faɗi, ta bar tabo a jikin abin, ta bar ku da lamba a ƙasa ba ku san ta wane ba.

Duk wata a ɗauki hoton sababbin shafukan rajistar a ajiye a wani gini daban. Gobarar da ta cinye babban gidan tarihin ƙasar Brazil a birnin Riyo a watan Satumba na 2018 ta tafi da mafi yawan kaya kimanin miliyan 20, kuma bayanan da yawa sun ƙone tare da kayan, tunda rufi ɗaya suke.

Abin da ya rage na kuɗin, kantocin ƙarfe. Ɗaki ɗaya ajiya, ɗaya baje koli. Gilashi ya jira.

Tambaya: Wata dattijuwa ta ba mu akwatin takardun mijinta shekara huɗu da suka wuce. Ta rasu, yanzu 'ya'yanta sun ce aro ta ba mu. Babu rubutu tsakaninmu. — Sakatariyar wata ƙungiyar tarihi

Amsa: Malama, in babu takarda babu shaidu, kada ku ja da magada. Ku zauna da su cikin girmamawa, ku nemi ɗayan biyu: su sa hannu a takardar kyauta, ko su ba ku izinin ɗaukar kwafi kafin ku miƙa musu. Ƙaramin gidan tarihi da yardar mutane yake rayuwa, kuma in labari ya fita cewa kuna riƙe kayan marayu, ba wanda zai sake ƙwanƙwasa muku ƙofa da kaya.

Daga yau kuma, duk abin da ya shigo, ko na kwana ɗaya ne, a cika masa takardar shigowa kwafi uku: ɗaya ga mai kaya, ɗaya ta bi kayan, ɗaya a fayil. In kwamiti ya amince a karɓa, sai takardar kyauta, wadda ke cewa mai bayarwa shi ne mai abin, ya mallaka wa gidan har abada, da sa hannunsa da na shaidu biyu, zai fi kyau ɗaya ya kasance daga iyalinsa. A hotuna da wasiƙu a ƙara layi kan izinin bugawa da sakawa a intanet, saboda mallakar takarda daban, haƙƙin abin da ke cikinta daban.

Abin da wasu ke kira aro na dindindin tarko ne. Ku ne da ɗawainiya, wani ne da kaya, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Aro ya zama mai wa'adi, shekara ɗaya ko biyu, a sabunta a rubuce. Haka nan kyauta mai sharaɗi, irin ta "kada a taɓa sauke shi daga bango", a ƙi ta cikin ladabi.

Ƙin karɓa ma aiki ne. Ku rubuta shafi guda da ke faɗin iyakar yankin da kuke tattara tarihinsa, da zamanin, da irin kayan, yadda in an kawo keken ɗinki na biyar za ku nuna takarda maimakon ku ɓata wa mutum rai. Akwai kuma abubuwan da ba a karɓa ko da sun dace: abin da aka tono daga ƙasa, domin a ƙasashe da yawa doka ta mallaka wa hukuma shi, abin da mai shi ya kasa faɗin inda ya samo, wanda yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan fataucin kayan tarihi ta haramtacciyar hanya ta shafi irinsa, ƙasusuwan mutane, da tsofaffin harsasai, waɗanda jami'an tsaro ake kira wa, ba a taɓa su.

Wani abu da wasiƙarki ta tuna mana: wa ke da kayan gidan naku a idon doka? In sunan mutum ɗaya ne, ranar da ya faɗi kayan za su shiga rabon gado. Ku yi wa ƙungiyar rajista da kwamitin amintattu, ku rubuta a tsarin mulkinta cewa in ta rushe kayan za su koma wani gidan tarihi ko ɗakin adana takardu, ba kasuwa ba.

Tambaya: Muna ganin gari-gari a ƙarƙashin wasu kayan katako, wata rigar ulu kuma ta yi huji. Za mu iya fesa maganin ƙwari? — Wani mai aikin sa kai

Amsa: Kada ku fesa, ɗan'uwa. Maganin feshi na gida yana ɗauke da mai da ke tabo, ba ya kai wa ga tsutsar da ke can cikin katako, kuma gubarsa tana zama a jikin abin da hannaye za su ci gaba da taɓawa. Ƙwayar kafur ma ba ta wadatar, sai ciwon kai ga mai zaman ɗakin.

A fara tabbatarwa ko ɓarnar na ci gaba. A share garin, a ɗora abin a kan baƙar takarda, a rufe shi a leda, a duba bayan mako biyu. Sabon gari mai haske na nufin akwai mai rai a ciki. Hujin riga kuwa aikin tsutsar asu ne ko ta wani ɗan ƙwaro mai cin gashi da ulu da fata. Babbar asun da kuke gani tana tashi ba ta cin komai, ƙwai kawai take sakawa.

Magani mafi sauƙi sanyi ne. A naɗe abin da takarda mai laushi ko ƙyallen auduga, a sa a leda mai kauri, a matse iska, a like bakin sosai. A saka a firiza irin ta akwati wadda ta riga ta kai digiri 20 ƙasa da sifili, kada a cika ta maƙil, domin ana so sanyin ya ratsa da sauri kafin ƙwarin su saba. A bar shi kwana bakwai cur, in mai kauri ne mako biyu. In an fitar, kada a buɗe ledar sai bayan awa 24, don raɓar da za ta taru ta tsaya a bayan leda. Inda aka fi kuskure: firiza mai narkar da ƙanƙara da kanta, wadda sanyinta ke hawa da sauka, da ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki. In wuta ta ɗauke har firizar ta huce, lissafi ya koma farko.

Ba kowane abu ke shiga firiza ba. Zanen fenti, hauren giwa, kakin zuma, gilashi, kaset, da abin da aka ɗaure da fata a miƙe kamar ganga, duk suna iya tsagewa ko lalacewa. Irin waɗannan ana rufe su a jaka ta musamman da iska ba ta ratsawa, tare da ƙunshin sinadarin da ke shanye iskar shaƙa, a bar su mako uku aƙalla. Wannan ya fi kyau a yi shi da wanda ya taɓa yi.

Gara ita lissafinta daban, domin yawancinta daga ƙasa take zuwa, don haka matsalar gini ce. Kantar ajiya ta ɗaga daga ƙasa santimita 15, ta ja baya daga bango yadda tocila za ta haska bayanta, kuma kada kwali ya taɓa daɓe. A ajiye tarkon gam a kusurwoyi, a rubuta masa kwanan wata, a duba duk wata. Sabon kaya ya yi mako biyu zuwa huɗu a keɓe kafin ya shiga cikin 'yan'uwansa. Ba ci ba sha a ɗakin ajiya.

Tambaya: An ce sai da na'urar sanyaya ɗaki dare da rana, mu kuwa ba mu da hali. Ga wasu kayan tagulla sun fara fitar da kore. — Ma'ajin wani ƙaramin gidan tarihi

Amsa: Na'urar da za a kunna da safe a kashe da yamma ta fi rashinta illa, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Abin da ke fasa katako da fata shi ne hawa da saukar danshi, su kumbura su motse kullum. Abin nema shi ne danshin iska ya zauna tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, yana sauyawa a hankali. Daga 65 zuwa 70 fumfuna ke fara samun wuri, musamman inda iska ba ta motsi.

Ku sayi ƙaramin ma'aunin danshi guda biyu ko uku, ku riƙa rubuta abin da suka nuna safe da yamma har shekara ta zagayo. Masu araha sukan yi ƙarya, ga yadda ake kama su: a jiƙa gishiri da ɗan ruwa ya yi kamar jiƙaƙƙen yashi, a rufe shi da ma'aunin a kwalba ɗaya tsawon yini da kwana. Ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 69, kun san za ku riƙa ƙara 6.

Sauran aikin na gini ne da akwati: gyara yoyo, da magudanar ruwa, da zaɓen ɗakin tsakiya wanda rana ba ta dukan bangonsa. Abu a cikin takarda, takarda a cikin kwali mara asid, kwali a cikin kabad, kowane rufi na rage saurin sauyi.

Koren tagulla iri biyu ne. Mai santsi da tauri tsufa ne, kariya ce ma, a bar shi. Mai haske, gari-gari, da ke ɓullowa kamar ƙuraje, shi ne cutar tagulla: gishirin da ke cikin ƙarfen ne ke haɗuwa da danshi yana cin sa. A keɓe abin a akwatin roba mai rufewa ruf, da silika jel, wato ƙwayoyin nan masu shan danshi, a riƙe shi ƙasa da kashi 40, a nemi ƙwararre. Kada a goge da man goge ƙarfe ko yashi ko ruwan tsami. Garin neman gira ake rasa ido: goge-goge ya share rubutu da tambari a kan tsofaffin kuɗi fiye da yadda shekaru suka yi.

In kun zo yin akwatin nuni, ku sani katako da falanki da sabon fenti suna fitar da tururin asid, wanda ke mai da dalma farin gari, ulu da roba kuma suna baƙanta azurfa. Manyan gidaje suna gwada kowane kaya da gwajin da Andrew Oddy ya ƙirƙiro a gidan tarihin Birtaniya a 1973, inda ake rufe shi da guntayen azurfa da jan ƙarfe da dalma kwana 28 a zafin digiri 60. Ku da ba ku da wannan, ku tsaya ga gilashi da ƙarfe da wankakkiyar auduga, fenti kuma ya sha iska mako huɗu kafin a rufe kaya a ciki.

Haske ma ɓarnarsa taruwa take, ba ta komawa. Da luks ake auna ƙarfin haske: takarda da tufafi da hotuna luks 50 ake ba su, zanen fentin mai da katako har 200, alhali hasken rana kai tsaye na iya kai 100,000. Awa 10 a luks 500 daidai take da awa 100 a luks 50. A sa labule, a yi amfani da ƙwan LED, a kashe in ba baƙi, a sauke tufafi bayan wata uku zuwa shida a ɗora wasu.

Tambaya: Muna so mu yi wa tsofaffin wasiƙu laminetin don kada su yage. Akwai kuma kaset-kaset na hira da dattawa. — Wata ɗaliba

Amsa: Ƙanwata, laminetin hukuncin kisa ne ga takarda. Zafi da gam suna shiga cikinta, ba kuma a iya cirewa. Salatif ma haka, yakan rine ya bar tabon da ba ya fita. A cire allurai da ƙarafan maƙala takarda, a miƙe wasiƙar a hankali, a sa ta a jakar poliyesta mara gam ko fayil mara asid, a kwance. Takarda da hannu mai tsabta busasshe ake ɗaukarta. Safar hannu ta hotuna ce da ƙarafa.

A ɗauki hotonta da sikana mai faffadan gilashi, ba mai jan takarda ba, a kan 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, ga hotuna, 300 zuwa 400 ga rubutu, a ajiye a tsarin fayil ɗin hoto na TIFF, sunan fayil ya zama lambar rajista. Gaba da baya, saboda sunayen mutane a bayan hoto suke. Kwafin ake rataya wa a bango, asalin ya huta a duhu. Fayilolin su zama kwafi uku, a ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani gini.

Kaset-kaset ɗin ne suka fi gaggawa, domin tef na lalacewa, na'urorin kunna shi kuma suna ƙarewa. A juye su zuwa fayil ɗin sauti na WAV, a rubuta wa ya yi magana, wa ya yi tambaya, yaushe, a ina, a kuma nemi izinin mai maganar ko iyalinsa kafin a saki. In akwai tsohon fim na majigi, a shinshina gwangwanin: warin tsami alama ce ya fara ruɓewa. Fim mai faɗin milimita 35 na kafin 1951 kuwa yana iya zama na naitret, mai kamawa da wuta da ruwa ba ya kashewa. A fitar da shi daga ginin a tuntuɓi ɗakin adana finafinai.

In ruwa ya taɓa takardu, awa 48 kuke da ita kafin fumfuna. A shanya a inuwa da fanka, abin da ya fi ƙarfinku a sa a leda a daskarar.

Tambaya: Mutane sun zo ranar buɗewa, daga nan shiru. — Shugaban kwamiti

Amsa: Ranka ya daɗe, mu ɗauka kun baje duk abin da kuke da shi a rana ɗaya, don haka wanda ya gani ya gama. Ku sauke kashi biyu cikin uku. Abin da ya rage ya amsa tambaya ɗaya, misali yadda ruwan sha ya riƙa isa gidaje, ko abin da ya faru da wata sana'a da ta mutu, bayan wata shida a sauya. Bayanin kowane abu kada ya wuce kalma 50, da manyan baƙaƙe, a daidai idon mai tsaye da mai keken guragu. Inda iyalai biyu suka saɓa kan wani labari, a rubuta duka biyun da wanda ya faɗi kowanne.

Hotunan da ba ku san mutanen ciki ba, ku rataya kwafinsu da fensir da takarda a gefe. Mutum yakan dawo da dangi don ya nuna musu kakarsa, ku kuma rajistarku ta ƙaru. Ku je wa malaman makarantu da ziyarar minti 45 da ta dace da darasinsu, da akwatin kayan da aka yarda yara su taɓa. Ranar 18 ga Mayu, ranar gidajen tarihi ta duniya tun 1977, dama ce ta gayyata. Lokacin buɗewa kuma, ko yini biyu ne a mako, ya tabbata. Wanda ya tarar da kwaɗo sau ɗaya ba ya dawowa. In baƙi sun ƙaru, sai a ƙara ido: makullin ɗakin ajiya a hannun mutum biyu kawai, da littafin sa hannu, kuma duk wata a zaɓi lamba 20 daga rajista ba tare da shiri ba, a je a ga kowanne a kantarsa.